KORONA MAI TSANANI A JIKIN MAI CIWON SUGA DA HAWAN JINI



 Darasin yau na mai ciwon suga ne da mai hawan jini, da duk wanda yake da irinsu a gida, mahaifi ne ko mahaifiya, miji ko mata. Yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Da yawanmu mun ɗauka korona ta wuce. Abin da ya faru shi ne, ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire ta daga matsayin annobar gaggawa. Ƙwayar cutar kuwa tana nan tana yawo. Ga yawancin mutane kamar mura take zuwa ta wuce, amma ga dattijo mai suga ko mai hawan jini har gobe tana iya kwantar da shi.

Idan korona ta yi tsanani, kowa hankalinsa na kan tari da numfashi. A daidai lokacin kuma suga da ruwa da gishirin jiki suna ta rikicewa a cikin jini, kuma ido ba ya ganin wannan, sai an auna. Shi ne abin da za mu koya yau.

*ME YA SA AKA WARE MASU SUGA DA HAWAN JINI?*

A watan Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta fitar da bayanin mutum 44,672 da aka tabbatar sun kamu. A jimlace kashi 2.3 cikin 100 ne suka rasu. A cikin masu hawan jini kashi 6 ne, a cikin masu suga kuwa kashi 7.3. A Ingila ma, a zagayen farko na annobar, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda korona ta yi ajalinsu a asibiti masu ciwon suga ne.

Ga wani kuma da ya kamata ka riƙe. An bi bayanan majinyata 7,337 a asibitocin lardin Hubei na ƙasar Sin, 952 daga cikinsu masu suga ne. Waɗanda sugansu ya tsaya tsakanin 3.9 da 10 a lokacin jinya, kusan mutum 1 cikin 100 ne ya rasu. Waɗanda nasu yake haura 10, mutum 11 cikin 100. Ka ga ke nan ciwo ɗaya ne, amma inda suga ya tsaya a kwanakin jinya yana da nasa tasirin.

*ƘOFAR DA CUTAR KE BI*

A jikin ƙwayoyin halittarmu akwai wani sinadari da likitoci ke kira ACE2. Shi ƙwayar korona take kamawa ta shiga ciki. Akwai shi a hanci da huhu, akwai shi a zuciya, da ƙoda, da hanji, da bangon jijiyoyin jini, da kuma fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi wadda ke samar da insulin.

Shi ACE2 yana da aikinsa na asali. Akwai wani sinadari mai suna anjiyotensin 2 wanda ke matse jijiyoyin jini, yana sa jiki ya riƙe gishiri, yana kuma ƙara kumburi. ACE2 ne ke karya shi ya mayar da shi mai sassauta jijiya. Idan cuta ta mamaye ACE2, mai birkin ya ragu. Mai hawan jini da ma can jijiyoyinsa a matse suke, mai suga da ma can bangon jijiyoyinsa ya ji jiki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

*1. SUGA YANA TASHI KO BA A CI KOMAI BA*

Wannan shi ne abin da ya fi rikita masu jinya a gida. Za ka ji an ce, "Ai Baba kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, ta ina suga zai hau?" Sai a ajiye magani, a ajiye na'urar gwaji.

Ga yadda abin yake. Idan jiki ya shiga yaƙi da cuta, yana sakin sinadaran tashin hankali irin su kotisol da adirenalin da gulukagon. Su kuma sai su umarci hanta ta buɗe rumbunta ta zuba suga cikin jini. Idan ajiyar ta ƙare, hanta ta fara ƙera sabon suga daga naman tsoka. Wannan duk yana faruwa ko an ci abinci ko ba a ci ba.

A ɗaya gefen kuma, sinadaran kumburi da garkuwar jiki ke fitarwa suna sa tsoka da kitse su daina jin maganar insulin. Insulin shi ne mabuɗin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki. Sai ya zama jini cike da suga, ƙwayoyin jiki kuma suna fama da yunwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kuma yawan sugan yana komawa ya taimaki cutar. Yana raunana fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi. Masu bincike a jami'ar Kamfinas ta ƙasar Burazil sun nuna a ɗakin gwaji a 2020 cewa ƙwayar korona ta fi hayayyafa a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini idan suga ya yi yawa a kewaye da su. Cuta ta ɗaga suga, suga ya ƙara wa cuta ƙarfi, haka abin yake zagayawa.

*2. JINI YANA YIN TSAMI*

Idan insulin ya yi ƙaranci sosai, jiki yana komawa ƙona kitse don ya samu makamashi. Ƙona kitse da yawa yana haifar da wani abu da ake kira kiton, shi kuma asid ne. Idan ya taru, jini ya yi tsami. Alamunsa: amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, numfashi mai zurfi da sauri, bakin mutum yana wani wari kamar na ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ko na maganin goge jan farce, sai kasala da rikicewa. An fi ganinsa ga masu allurar insulin, amma a lokacin korona an gan shi sosai har ga masu shan ƙwaya, da ma waɗanda ba su taɓa sanin suna da suga ba.

A lura: wannan saurin numfashin ana iya ɗauka na huhu ne, alhali jiki ne ke ƙoƙarin fitar da tsamin jini.

Akwai asid na biyu. Idan iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙwayoyin jiki ba sa iya ƙona suga har ƙarshe, sai wani asid mai suna laktik ya taru. Shi ya sa a asibiti ake auna shi ga wanda jikinsa ya yi tsanani.

*3. RUWA DA GISHIRIN JIKI*

Idan suga ya haura kusan 10, ƙoda ta fara zubar da shi cikin fitsari, shi kuma suga ba ya fita shi kaɗai, da ruwa yake tafiya. Haɗa wannan da zazzaɓi da gumi da saurin numfashi, wani lokaci da gudawa, ga mutum ba ya sha. Cikin 'yan kwanaki jiki ya bushe.

Ga tsofaffi masu suga, wannan bushewar kan kai suga ya haura 30, jini ya yi kauri, mutum ya fara barci da yawa, yana magana ba kan gado, daga nan sai suma. 'Yan gida su ce tsufa ne ko zafin zazzaɓi. Idan na'urar gwaji ta rubuta HI maimakon lamba, ma'anarsa sugan ya wuce abin da take iya aunawa. Wannan ba na jira ba ne.

Gishirin jiki ma yana rikicewa. Akwai sodiyam, wanda idan ya yi ƙasa mutum ke rikicewa har ya yi jijjiga. Akwai fotashiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Amai da gudawa da yawan fitsari suna zubar da fotashiyam. Idan kuma ƙoda ta tsaya, sai ya taru ya yi yawa. Ƙarancinsa da yawansa duk suna iya rikita bugun zuciya, kuma gwajin jini kaɗai ke bambance su.

Ita ƙoda ita ce a tsakiya. Suga da hawan jini su ne manyan masu cin ƙoda a hankali tsawon shekaru. Idan bushewa da kumburi suka zo a kai, tana iya tsayawa farat ɗaya. Alamar farko ita ce raguwar fitsari. Mai jinya ya riƙa lura: sau nawa ya yi fitsari yau, wane launi ne?

*4. HAWAN JINI DA DASKAREWAR JINI*

Jinin mai hawan jini na iya tashi a farkon ciwo. Amma idan abin ya yi nisa, sau da yawa faɗuwa yake yi, saboda bushewa ko saboda cutar ta game jiki. Mutumin da ya saba 150 ko 160, yau ka auna ka ga 95, yana jin jiri, kada ka yi murna ka ce hawan jini ya warke. Alamar haɗari ce.

Korona mai tsanani tana kuma sa jini saurin daskarewa, domin bangon jijiyoyi ya kumbura. Gudan jini na iya toshe jijiyar ƙafa, ko ta huhu, ko ta zuciya, ko ta ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa likitoci ke duba wani gwaji mai suna D-dimer, suna kuma yi wa waɗanda aka kwantar allurar tsinka jini. Wannan aikin asibiti ne, ba a sayen maganin tsinka jini a sha da ka.

*5. TSOKA TANA NARKEWA*

Mun ce hanta tana ƙera suga daga naman tsoka. Shi ya sa wanda ya yi sati biyu a kwance yake tashi cinyoyinsa sun zube, ko zuwa banɗaki sai an riƙe shi. A takardar gwaji za a ga sinadarin albumin ya yi ƙasa. Kwalastarol ma yakan sauka a lokacin ciwo, wannan kuma alamar tsananin ciwon ne, yana dawowa bayan an warke. Tsoka ita ce babbar mai shanye suga daga jini, don haka idan ta ragu, sarrafa suga yana ƙara wuya ko bayan an tashi.

*MAGANAR DEXAMETHASONE*

A watan Yunin 2020 wani babban gwaji mai suna RECOVERY da jami'ar Okisfod ta Ingila ta jagoranta ya nuna cewa dexamethasone, miligiram 6 a rana har zuwa kwana 10, yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan injin numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba iskar oksijin. Ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin kuwa bai nuna wani amfani ba.

Maganin nan yana ɗaga suga ƙwarai, yana sa jiki riƙe ruwa da gishiri, yana danne garkuwa. A asibiti ana bayar da shi ana auna suga ana daidaitawa da insulin. A Indiya a 2021 an samu mutum sama da 40,000 da wata muguwar cutar fumfuna mai cin hanci da ido ta kama, akasarinsu masu suga ne da suka yi korona aka ba su irin wannan magani.

Mu a nan dexamethasone yana da arha, ana samunsa a kemis da kasuwa, yana ma cikin magungunan da wasu ke sha don ƙiba, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Don Allah mai suga kada ya saya ya sha don ya ji an ce maganin korona ne.

*MAGUNGUNANKA A RANAKUN CIWO*

Duba sunan da ke jikin kwalin maganinka, ka yi magana da likitanka tun kana lafiya a kan abin da za ka yi idan ka kwanta.

• *Insulin:* ba a daina shi don ba a cin abinci. Sau da yawa ma a lokacin ciwo buƙatarsa ƙaruwa take yi. Likita ne zai ce a ƙara ko a rage.

• *Metformin:* idan ana amai ko gudawa, ko jiki ya bushe, ko numfashi ya yi wuya, likitoci kan dakatar da shi na ɗan lokaci, saboda yana iya ƙara taruwar asid ɗin laktik idan ƙoda ta raunana.

• *Empagliflozin da dapagliflozin:* ana dakatar da su a ciwo mai tsanani. Suna iya jawo taruwar kiton ko da suga bai hau sosai ba.

• *Glibenclamide da glimepiride:* suna iya kayar da suga ƙasa idan mutum ba ya cin abinci, musamman tsoho mai raunin ƙoda.

• *Lisinopril da losartan da danginsu:* a farkon annoba an yi ta yaɗa cewa suna ƙara haɗarin korona. An gwada, har da wani gwaji a Burazil a 2020, ba a ga amfanin daina su ba. Ka ci gaba da sha. Sai dai idan jiki ya bushe ko jini ya faɗi, likita na iya ɗaga su na 'yan kwanaki tare da magungunan sa fitsari.

• *Ibuprofen da diclofenac:* a guje su, suna takura ƙoda suna ɗaga jini. Paracetamol ya isa ga zazzaɓi, a bi ƙa'idarsa.

*ZUMA, DABINO, KANWA DA SIRACE*

Zuma abu ce mai albarka, tana kuma lafar da tari. Amma kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, babban cokali ɗaya yana ɗauke da kusan giram 17. Busasshen dabino ma kusan kashi biyu cikin uku nasa suga ne. Mai suga da ke kwance sugansa na 15 ko 20, a riƙa ba shi ruwan zuma safe da yamma, ƙara masa ake yi.

Inda zuma take ceton rai shi ne idan suga ya faɗi ƙasa da 3.9, mutum yana rawar jiki da gumi mai sanyi. A ba shi babban cokali ɗaya, a jira minti 15, a sake aunawa. Idan bai hau ba a maimaita. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Kanwa tana ɗauke da sodiyam mai yawa, haka dunƙulen ɗanɗano na miya. Mai hawan jini ya rage su. Sirace yana buɗe hanci, amma ba ya ƙara iskar da ke cikin jini. Duk wani haɗi da kake sha, ka faɗa wa likita, kada ka ɓoye.

Idan ciwon ya zo cikin azumi, ka san mara lafiya yana da rangwame. Ƙa'idar likitoci ita ce mai suga ya karya azumi idan ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.7, ko ya ji alamun bushewa.

*ABIN DA ZA A AUNA A GIDA*

• *Suga:* duk bayan awa 3 zuwa 4, har da dare idan yana hawa. Ana so ya zauna tsakanin 6 da 10. Idan na'urarka mai manyan lambobi ce, ka ninka da 18, wato 10 shi ne 180, 3.9 shi ne 70, 16.7 shi ne 300. 'Yan uwanmu na Nijar da ake rubuta musu da giram, 180 shi ne 1.8.

• *Kiton:* idan suga ya haura 14, wato 250, a gwada fitsari da tsinken gwajin kiton in akwai.

• *Iskar jini:* da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Korona na iya saukar da oksijin mutum bai ji komai ba. Idan ta nuna 92 ko ƙasa, a tafi asibiti. A ɗumama hannu, a zaɓi yatsan da ba jan farce ko baƙin lalle. Kuma an gano na'urar kan nuna sama da gaskiya ga masu baƙar fata, don haka idan mutum yana haki, kada lamba ta ruɗe ka.

• *Hawan jini:* safe da yamma.

• *Ruwa:* rabin kofi zuwa kofi ɗaya duk awa, kaɗan-kaɗan, sai fa wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. In ba ya iya cin tuwo, a ba shi kunu ko koko marar suga da romo marar gishiri da yawa.

A samu takarda a riƙa rubuta lokaci da lamba. Wannan takardar za ta taimaki likita fiye da dogon bayani.

*A TAFI ASIBITI NAN TAKE IDAN:*

1. Numfashi ya yi wuya, ko ya kai sau 30 a minti ɗaya.
2. Suga ya ƙi sauka ƙasa da 14 duk da magani, ko na'ura ta nuna HI.
3. Amai ya hana shan ruwa da magani.
4. Fitsari ya ragu sosai ko ya tsaya.
5. Mutum ya rikice, ko barci ya yi masa yawa ana tashinsa da ƙyar.
6. Ciwon ƙirji, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi.
7. Jini ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani, ko lambar sama ta faɗi ƙasa da 90.

A tafi da duk kwalayen magungunansa da takardar awo. Da isa a faɗa musu yana da suga, yana da hawan jini.

*BAYAN AN SAMU SAUƘI*

Idan aka gama dexamethasone suga yakan sauko, don haka insulin ɗin da aka ƙara a asibiti na iya yin yawa a gida. A ci gaba da aunawa, a koma ganin likita a kan lokaci. Magungunan da aka dakatar a tambaya yaushe za a dawo da su. A sake duba ƙoda. Bayan kamar wata uku a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na watannin baya. Wanda suga ya fara bayyana masa a lokacin korona shi ma ya yi wannan gwajin, domin na wasu yana sauka, na wasu yana zama.

Tsokar da ta zube tana dawowa da tafiya kaɗan-kaɗan da cin wake, ƙwai, kifi da nono marar suga, gwargwadon abin da likita ya yarda idan akwai matsalar ƙoda. A kuma tambayi ma'aikatan lafiya game da allurar rigakafi, masu suga da hawan jini suna cikin waɗanda aka fi so su yi.

Ɗan uwa, 'yar uwa, aikin da za ka yi yau ɗan kaɗan ne. Duba na'urar gwajin gidanku, tana da batir? Tsinkayen gwaji sun ƙare ko lokacinsu ya wuce? Ka san sunayen magungunan da mahaifinka ko mahaifiyarka ke sha? In ba ka sani ba, ka ɗauki hoton kwalayen ka ajiye a waya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinya da alheri. A tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ake da mai suga ko hawan jini.